A'isha Falatiya: 'Yar Mahajjatan Sakkwato a Rediyon Sudan

Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, maniyyata daga ƙasar Hausa da zangunan Gwanja da Dagomba sukan bi ta ƙasa, su ratsa Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, kuma da yawa sukan yada zango a Sudan har zangon ya zama gida. Mutanen can suna kiransu Fallata, sunan da Barebari ke kiran Fulani da shi, wanda daga baya ya haɗa da Hausawa da sauran baƙin yamma.

A irin wannan gida aka haifi A'isha Musa Ahmad, a garin Kassala. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Omdurman, kuma a gabansa ta koyi karatun Alƙur'ani. Tun tana budurwa ta soma waƙa a gidajen biki, abin da a wancan zamani ake ganin zubar da mutunci ne ga mace, balle 'yar malam. Mahaifin ya aurar da ita don ta daina, amma auren ya mutu, ita kuwa ta koma waƙarta.

A nan labarinta ya yi kama da na Ummu Kulsum ta Masar, wadda ita ma 'yar liman ce da ta fara da karatun Alƙur'ani. Sai dai Ummu Kulsum ta sami goyon bayan mahaifinta, kuma Alƙahira ta ba ta dandamali har ta fito a fina-finai shida tsakanin 1936 da 1947. A'isha kuwa kaya biyu ta ɗauka: ga ta mace, ga ta 'yar baƙi.

A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai ya kai ta Alƙahira ta naɗi waƙoƙi, faya-fayenta suka bazu a gidajen shan gahawa na Sudan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta riƙa yi wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu. A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, ƙanwarta Jiddawiya tana kaɗa mata udu, molon Larabawa. Masu ra'ayin riƙau sun yi musu ca, amma masu sauraro sun karɓe su, kuma matan da suka biyo baya ta wannan ƙofa suka shiga.

Ta rera waƙoƙi fiye da 150, akasarinsu da Larabcin Sudan. Ta rasu a Omdurman a 1974. Laƙabin Falatiya, wanda a bakin wasu gori ne na rashin asali, shi ne sunan da Sudan ke tunawa da ita da shi har yau.