Abincin ƙarshen shekara a Kudu

Daga tsakiyar Disamba zuwa 1 ga Janairu, abincin da ya fi tashe a gidajen Kudu shi ne shinkafa dafa-duka, wadda a nan ake ce wa jolof, sai soyayyar shinkafa da kaza. Ta biki a kan icce ake dafa ta, a bar gindin tukunya ya ɗan kama. Ƙaurin nan shi ake nema, ba sakacin mai girki ba ne.

Kayan miyan kuwa yawanci daga Arewa suke. Tumatir da tattasai da attaruhu daga Kano da Kaduna da Filato, albasa daga Sakkwato da Kebbi, a sauke su Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan. Lokacin ya dace da fara shigowar tumatirin rani, shi ya sa kwando bai cika tsada kamar da damina ba. Kaza da man gyaɗa da buhun shinkafa mai kilo 50 su ne ke tashi, don kamfanoni na saye su raba wa ma'aikata. Mai iyali gara ya yi cefanensa tun farkon wata.

Cikin kyaututtukan kicin da ake bayarwa akwai kular abinci da injin markaɗe, kodayake inda wuta ba ta zama kular ta fi amfani. Tsakanin maƙwabta kuma, wasu Kiristocin da suka san batun yanka kaza mai rai suke aika wa Musulmi, ko ɗanyar shinkafa, da Babbar Sallah a rama musu da naman layya.