Ƙararrawar Mishan a Roni: Lokaci da Hutu a Tarihin Kiristocin Ƙasar Kazaure

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa wai Turawa ne suka koya wa Bahaushe sanin darajar lokaci. Ni dai ban yarda ba. Mutumin da ya yanka yininsa ya ba kowane yanki suna, watau asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru, ai ba a ce masa bai san lokaci ba. Abin da 'yan mishan suka kawo shi ne agogo da ƙararrawa, da kuma wata fahimta ta addini game da aiki da hutu, wadda su kansu sai da suka biya ta da rayuka kafin su gane ta.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka kafa ƙungiyar S.I.M. Zumuɗi ya yi musu yawa, guzuri kuwa kaɗan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya kwantar tun a Ikko, ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 suka iya kafa tasha a Pategi.

To, daga nan ne suka yi karatun ta-natsu. Shan kwinin ya zama ƙa'ida, haka ma tafiya hutu bayan 'yan shekarun aiki. A shekarun 1910 suka gina gidan hutu a Miango kusa da Jos, inda iska ke da sanyi, don ma'aikacin da ya gaji ya je ya murmure. Ba su ɗauki wannan a matsayin lalaci ba, domin suna da hujja a littafinsu. Littafin Farawa ya nuna an keɓe rana ta bakwai don hutu. Bulus ya gargaɗi Afisawa da kada su yi wasa da zarafin da suka samu, sa'an nan ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mutum amana ce, ba nasa ba ne da zai yi yadda ya ga dama da shi. Tun daga 1932 Kirista Bahaushe yana iya karanta duk wannan da harshensa, da yake a shekarar ce aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa.

Da farko Gwamnatin mulkin mallaka ta hana su shiga ƙasashen sarakuna. Da aka sassauta a shekarun 1930, ta ƙofar magani suka shigo. A 1937 suka karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, a 1943 kuma suka buɗe Asibitin Ido na Kano. A ƙasar Kazaure, Roni ce ta zama mazauninsu, har suka kafa makarantar kwana ta 'yan maza.

Nan ne, a ganina, al'adu biyu suka haɗu. Yaron da ya taso yana duban inuwa da tsayin rana, ga shi yanzu ƙararrawa ce ke tashe shi, ita ke kai shi addu'a da aji da aikin hannu, ita kuma ke ce masa ya kwanta. Wannan ta ƙarshen ita ce mu 'yan jami'a, masu kwana zaune da littafi in jarrabawa ta matso, muka fi buƙata. Sai dai tsarin yana da tasa matsalar. Manomi ba ya sanin Lahadi idan ruwan shuka ya sauka daren Asabar, kuma hutun da Baturen mishan ke samu a Miango ba kasafai mai wa'azi baƙar fata ke samun irinsa ba, alhali shi ne ke taka ƙauyuka da ƙafa ko da keke.

A 1954 aka kafa ekklesiyar E.C.W.A., ragamar aiki ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. A shekarun 1970 Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a jihohin Arewa, lokacin nan Roni da Kazaure da Gwiwa da Ɓaɓura duk suna cikin Jihar Kano, kafin a yanka Jigawa a 1991.