Tafkin Tiga: Wurin Hutun Ƙarshen Mako a Kudancin Kano

Tafkin Tiga yana Ƙaramar Hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Ya samu ne sakamakon madatsar ruwan da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Masu zuwa hutu kan hau duwatsun da ke gefen ruwan, su kalli masunta da kwale-kwalensu. A kan wani tsauni da ke kallon tafkin ne aka gina otal ɗin Rock Castle. An fi jin daɗin ziyara bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Janairu, sa'ad da tafkin ke cike kuma zafi bai tsananta ba. Dajin Falgore na kudu da shi, amma ya sha fama da matsalar tsaro, don haka a tuntuɓi mazauna yankin kafin shiga.

Ruwan Tiga ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Sai dai tare shi ya rage malalar ruwan da manoma, masunta da makiyayan fadamar Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita, kuma har yau ana muhawara kan rabonsa.