Asalin Kalmar Alƙali

Kalmar alƙali Larabci ce, asalinta al-ƙaḍi, wato mai yanke hukunci. Bahaushe ya are ta da "al" ɗinta, kamar yadda ya aro albasa da aljihu da almakashi. Ba shi kaɗai ya yi aron ba. Mutanen Sifen suna cewa alcalde, haka ma mutanen Galisiya da ke arewa maso yammacin ƙasar, masu harshe nasu na kansu, kuma kalmar tana nan cikin tsofaffin takardun Fotugal.

Abin lura shi ne "l" ta biyu, wadda ba a jin ta a bakin Balaraben yau. Harafin da ke wurin shi ne wanda almajirai suke kira lodi a makarantar allo. Sibawaihi, malamin nahawu na Basara a ƙarni na 8, ya bayyana cewa daga gefen harshe yake fita, kusa da turame, don haka kunnen baƙo yake jin sa kamar "l". Bahaushe ya mai da shi "l" zalla: alwala, farilla, lamuni, lamiri, Ramalan. Mutanen Andalus kuwa suka ji shi "ld", shi ya sa unguwar bayan ganuwa, ar-rabaḍ, ta zama arrabalde a Fotugal da Galisiya. Ke nan tsohon furucin da Larabawa suka bari ya tsira a bakin maƙwabta.

Kalmar ta shiga Sifen bayan ƙetarawar Ɗariƙu bin Ziyad a 711, ba ta kuma fita ba ko da Garnaɗa ta faɗi a 1492. Sarakunan Kirista sun ci gaba da kiran mai shari'ar gari alcalde. Marubucin nan Kalderon ya yi wasan kwaikwayo a ƙarni na 17 kan alcalde na garin Zalameya, manomi wanda ya yanke wa hafsan soja hukuncin kisa. Da aka raba shari'a da mulki a ƙarni na 19, sai sunan ya bi mulki. Yau alcalde magajin gari ne, ba ruwansa da kotu. A Fotugal kalmar ta tsufa, wadda aka fi sani ita ce alcaide, kuma sau da yawa akan rikita su, alhali wannan daga al-ƙa'id take, wato shugaban mayaƙa mai tsaron ganuwa.

A ƙasar Hausa ma'anar ba ta gusa daga shari'a ba. In shanu suka shiga gonar gero a Adar kafin a saki gonaki, mai gari zai sa a je a duba ɓarna, a ƙiyasta damman da aka ci, a nemi sulhu. In abin ya gagara a kai gaban sarki, daga nan sai alƙali a kotun Tawa. Sai dai Bahaushe ya faɗaɗa ta zuwa duk mai raba gardama: alƙalin wasa a filin kokawa, alƙalin zaɓe, alƙalan musabaƙa. Har sunan gari ta haifa, domin ana cewa Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a filin wani alƙalin Zamfara aka kafa shi.