Laifin Tambaya ko na Mai Tambaya? Martani Kan Kacici-kacicin Tarihi da Labarin Ƙasa

Wani ra'ayi ya samu karɓuwa tsakanin malaman tarihi da labarin ƙasa, cewa gasar kacici-kacici da ake yi a makarantu da gidajen rediyo ba ta ƙara wa ɗalibi komai sai karatun aku. Wanda ya fi tsananta wannan matsayi, wani abokin aikinmu da ya daɗe yana koyar da tarihi, har ya nemi a soke gasar daga makarantun sakandare ɗungurungum. Hujjojinsa uku ne: gasar hadda ce kawai, amsoshinta suna tsufa, kuma tana cusa wa yara kallon Turawan mulkin mallaka. A iya fahimtata, hujjar farko ba ta da ƙwari, ta biyu gyaranta mai sauƙi ne, ta ukun ce ta cancanci a tsaya a kanta, amma ita ma ba ta kai shi inda ya nufa ba.

Batun hadda ba sai an ja shi ba. Ɗalibin da bai riƙe cewa Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, an ci Alƙalawa a 1808, an yi yaƙin Burmi a 1903 ba, da me zai auna tsawon rayuwar Daular Sakkwato? Idan aka ce masa ya tattauna dalilan faɗuwarta, sai ya haɗa zamanin Sarkin Musulmi Bello da na Sarkin Musulmi Attahiru a kwano ɗaya. Malaman zaure sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ɗalibin nahawu yake haddace Alfiyya ta Ibn Malik, sharhi yana biye. Ba wanda ya ce hadda ita ce ilimin, amma da wuya a samu mai nazarin da ba shi da abin da ya riƙe a ka.

Abokin namu zai ce, kuma da gaskiyarsa, ƙa'idar nahawu ba ta sauyawa, taswira kuwa tana sauyawa. Wannan ce hujjarsa ta biyu. Har zuwa ranar 9 ga Yuli, 2011, amsar "wace ƙasa ce ta fi girma a Afirka?" ita ce Sudan. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle, sai Aljeriya ta karɓi matsayin. Jihohin Nijeriya 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Babban birnin Kazakistan an mai da sunansa Nur-Sultan a 2019, aka dawo da Astana a 2022. Duk wanda ya taɓa zama alƙalin gasa ya san yadda abin yake faruwa: takardar amsoshi tsohuwa ce, an yi ta kwafarta har rubutun ya dusashe, yarinya ta miƙe ta ce Aljeriya, mai gabatarwa ya duba takarda ya ce ta faɗi, a ba abokan karawarta makin. Wannan zalunci ne, babu musu. Sai dai ban ga yadda za a ɗora wa gasar laifin malamin da bai sabunta takardarsa ba. Littafin manhaja ma yana tsufa, ba mu ce a rufe aji ba. Ƙari a kan haka, sauyin kansa abin tambaya ne. "Wane gari ne hedikwatar Nijar kafin a koma Yamai a 1926?" Amsar Damagaram ce, ba za ta tsufa ba, kuma ta nuna wa yaro cewa babban birni abu ne da hukuma take zaɓa, tana kuma iya sauya shi, kamar yadda aka bar Legas zuwa Abuja a 1991.

Hujja ta uku ita ce ƙashin bayan matsayinsa, kuma misalinsa sananne ne: "Wa ya gano Kogin Kwara?" Ɗaliban Nijeriya masu yawa an koya musu su ce Mungo Park. Ya ce wannan tambaya ta isa ta nuna illar tsarin baki ɗaya, domin tana sa ɗan Yawuri ko ɗan Nufe, wanda kakanninsa suka yi su da fito a kogin, ya furta da bakinsa cewa baƙo ne ya gano shi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari cewa tambayar gurguwa ce. Har ma zan ƙara masa. Ko a ma'aunin Turawan, amsar ba ta cika ba. Park ya isa kogin a kusa da Segu a watan Yuli na 1796, ya tabbatar wa mutanen Turai cewa gabas yake gudu a wannan yanki, amma ya mutu a Busa a 1806 bai ga inda ya ƙare ba. Richard Lander da ƙanensa John ne suka bi shi har teku a 1830. A tsakanin waɗannan shekaru, lokacin da wani Bature mai suna Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana neman labarin kogin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi taswirar yankin, wadda aka buga a Landan a 1826 cikin littafin tafiyarsa. Wato mai "ganowa" tambaya ya zo yi wurin masu gida.

To amma me wannan ya tabbatar? Ya tabbatar da cewa wanda ya tsara tambayar yana tsaye ne a Landan. Bai tabbatar da cewa gajeriyar tambaya ba ta iya tsayawa a Sakkwato ko Busa ba. A gwada waɗannan: "Wane Sarkin Musulmi ne ya ba Clapperton taswira a 1824?" "A wane gari na bakin Kwara Mungo Park ya mutu?" "Wane ne Baturen farko da ya kai wa Turai labarin ganin kogin da idonsa a 1796?" Kowace tana da amsa ɗaya, ana iya ba da ita kafin a buga ƙararrawa, kuma babu wadda ta ƙwace kogin daga hannun masu shi. Abokin namu ya ɗauki mafi munin tambaya ya yanke wa sauran hukunci da ita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata, domin akwai inda hujjarsa take da cizo. Wasu al'amura ba su dace da kacici-kacici ba ko yaya aka gyara lafazin. Ana iya tambayar yaro ya lissafa Hausa Bakwai, ya ce Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, a ba shi makinsa, domin abin da riwaya ta kawo ke nan. Amma idan aka ce "wa ya kafa ƙasashen Hausa?" ana jiran Bayajida, an mai da riwaya tabbataccen tarihi, alhali masana sun daɗe da nuna shakku a kan haka (Smith, 1970). Ƙara "bisa ga riwayar Daura" yana rage ɓarnar, sai dai ba ya koya wa yaro yadda ake auna riwaya. Haka tambayar kogi mafi tsawo a duniya: galibi ana cewa Nilu, mai kimanin kilomita 6,650, amma akwai masu ba Amazon, domin lissafin ya dogara ga inda aka ɗauka a matsayin tushen kogi. Daƙiƙa goma ba ta isa wannan muhawara ba. Saboda haka ba na cewa gasar tana yin masana tarihi. Iyakar abin da nake iya karewa shi ne, tana kafa wa ɗalibi turakun sunaye, wurare da shekaru, kuma sukar da aka yi mata, idan aka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kusan duk a kan masu tsara tambayoyi take sauka.

Idan haka ne, aikin namu ne. Kwamitin da ke shirya tambayoyi ya kasance da malamin tarihi da na labarin ƙasa, ba mai gabatarwa kaɗai ba. A sa shekara a duk tambayar da amsarta ke iya sauyawa, a sabunta takardar kowace shekara. A bayyana tushen duk abin da riwaya ce. A fitar da tambayoyin "me ya sa" daga zauren gasa a mai da su aji, inda ake da lokacin musu. Sharaɗi na ƙarshe mai yiwuwa shi ya fi sauƙi: bayan kowace amsa, mai gabatarwa ya ƙara jimla ɗaya ta bayani. Malaman da suka fi ganin aibin tambayoyin su ne suka fi cancantar zama a kwamitin, kuma janyewarsu ba za ta hana a yi gasar ba, sai dai ta bar ta a hannun masu tsohuwar takarda.