Kwamfutar bango: yadda ake haɗa ta ba tare da akwati ba, da abin lura ga mutanen Magaria da Dungass

Kwamfutar bango ita ce kwamfutar tebur da aka fitar da kayan cikinta daga akwatin ƙarfe, aka ɗaure su a kan falankin katako ko na ƙarfe, sannan aka rataye a jikin bango. Aikinta ɗaya ne da na mai akwati. Tana rage cunkoso a ƙaramin shago, tana samun iska, kuma mai gyara yana ganin komai a fili. Sai dai akwatin da aka cire yana da ayyukan da yake yi, kuma a garuruwa masu zafi da ƙura irin Magaria da Dungass, a kudancin jihar Zinder, duk wanda ya cire shi dole ya samo abin da zai maye gurbinsa.

Asalin abin

Dabarar ta daɗe. Kwamfutar farko ta kamfanin Apple, wadda ta fito a Amurka a 1976, allo kawai aka sayar da ita, mai saye ne ke nemo mata mazauni, wasu kuma suka ƙera na katako. A 1999 kamfanin Google ya jera allunan kwamfutocinsa a kan tire-tire a buɗe, ba tare da akwati ga kowace ba. A 2015 kamfanin Thermaltake na Taiwan ya fitar da Core P5, wani firam buɗaɗɗe da ake iya ratayewa a bango. Amma galibin masu haɗa irin wannan kwamfuta da hannunsu suke ƙera mazaunin.

Me akwati yake yi?

Ayyukansa huɗu ne. Yana riƙe kowane kaya daram a wurinsa. Yana tsara hanyar iska, sanyi ya shiga ta gaba, zafi ya fita ta baya. Yana kare kayan daga ƙura, ruwa, ƙwari da hannun yara. Na huɗu, da yake na ƙarfe ne kuma yana haɗe da wayar ƙasa, yana kare mutum daga jan wuta idan wani abu ya lalace, yana kuma rage hayaniyar lantarki da kan dami rediyo na kusa. Kwamfutar bango tana cin riba wajen iska, amma sauran ukun sai an yi musu tanadi.

Kayan da ake buƙata

Na farko shi ne babban allo, wanda masu gyara ke kira kart mer. A kansa ne ƙwaƙwalwar kwamfuta da fankarta da sandunan RAM suke zama. Girmansa shi ke nuna girman falankin da za a yanka. Allon ATX, tsarin da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, milimita 305 ne da 244. Micro-ATX milimita 244 ne kowane gefe. Mini-ITX, na kamfanin VIA tun 2001, milimita 170 ne kowane gefe, kuma kusoshi huɗu ke riƙe shi.

Sai na'urar raba wuta, wato alimantasiyo, wadda ke karɓar volt 220 ta mayar da shi 12 da 5 da 3,3. Sai ma'ajiyar bayanai: diski mai juyawa ko SSD. SSD ta fi dacewa da bango, domin babu abin da ke motsi a cikinta, girgiza ba ta damunta. Ana kuma buƙatar maɓallin kunnawa, wanda ke haɗa ƴan ƙarafa biyu a kan allo, ana iya cire shi da wayarsa daga tsohon akwati.

Abu mafi ƙanƙanta kuma mafi muhimmanci shi ne ƴan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa tsakanin allo da falanki. Tsawonsu kamar milimita 6 ne. Su ke hana bayan allo taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. Idan falankin na ƙarfe ne aka kwantar da allo a kansa kai tsaye, kunnawar farko tana iya ƙone shi.

A kula da kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell da HP da Lenovo, waɗanda suka yi yawa a kasuwannin Zinder da Kano. Da yawansu allonsu da wayoyin wutarsu ba su bin tsarin ATX, an yi su ne don akwatinsu kaɗai. Ana iya rataye su, amma da alimantasiyonsu na asali, kuma wani lokaci mazaunin fankar a jikin akwatin yake ɗaure. A duba wannan tun kafin a kwance.

Zaɓen bango

Bangon siminti yana riƙe kusa mai zare idan an huda shi an cusa ƴar robar da ke kama ta. Bangon laka ba ya riƙewa, yana zubar da ƙasa, kuma gara tana bin sa ta kai ga katako. A ɗakin laka gara mai walda ya yi firam mai ƙafafu da zai tsaya a ƙasa ya jingina da bango, ko a ratsa bangon da dogon ƙarfe mai noti ta waje.

A guji bangon da rana ke duka da yamma, domin yana riƙe zafi har dare. A guji ƙarƙashin taga da inda rufi ke yoyo da damina. Kada a kai ta kusa da kwano, can ne zafin ɗaki ke taruwa. Tsayin da ya dace shi ne inda yaro ba ya kaiwa amma babba yana kaiwa a tsaye. A bar tazarar santimita 2 ko 3 tsakanin falanki da bango don wayoyi su bi ta baya.

Yadda ake haɗawa

A fara gwada kayan a kan tebur, a bisa kwali, a tabbatar suna kunnuwa. Sannan a ɗora allon a kan falanki, a yi alamar ramukansa da fensir, a ɗauke shi kafin a huda, kada garin katako ko na ƙarfe ya faɗa masa. A ɗaura ƙafafun tagulla a inda allon ke da rami kawai. A juya allon yadda bakunan USB za su kalli ƙasa ko gefe, kada su zama kwanon tara ƙura.

Alimantasiyo ita ce mai nauyi, sai a sa ta a ƙasan falanki da maɗaurin ƙarfe, fankarta a sarari. A jona babbar waya mai baki 24 da ƙaramar waya mai baki 4 ko 8 ta ƙwaƙwalwa. Idan akwai katin hoto mai nauyi, kada a bar shi yana reto a raminsa, a yi masa matokari, ko a kwantar da shi gefe da wayar ƙari ta PCIe. Allon kallo ma ana rataye shi, yawancinsu suna da ramuka huɗu a baya, tazarar milimita 75 ko 100.

Ba a buɗe alimantasiyo, ko da an zare ta daga wuta. Akwai kayan da ke riƙe caji a cikinta, kuma yana iya kisa.

Wuta

Magaria da Dungass suna bakin iyaka, kaya na shigowa daga Najeriya da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, alhali a Nijar an fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Ƴan adaftocin araha da ake haɗa su da su sukan yar da wayar ƙasa. Gidaje da yawa ma ba a ja musu ita ba. Ga kwamfutar da ke buɗe wannan hatsari ne, don haka a sa mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa.

Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi na kashe alimantasiyo da diski. An ga wahalar wuta sosai bayan Najeriya ta yanke wadda take ba NIGELEC a watan Agusta 2023, har zuwa Maris 2024. Ondiler, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ƴan mintoci, tana ba da damar adana aiki a kashe kwamfuta lafiya. Mai aiki da hasken rana ya duba ƙananan alluna marasa cin wuta. Wasu Mini-ITX na aiki da volt 12 ta wata ƴar na'ura, sai dai a sa abin daidaita wuta tsakaninsu da batir. Raspberry Pi, wadda ta fito a Ingila a 2012, ba ta fi tafin hannu ba, volt 5 take so.

Zafi, ƙura da ƙwari

A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a wannan yanki. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kusa digiri 100 takan rage gudu da kanta, ko ta mutu. Fitar da ita fili na taimakawa, amma iskar ɗaki ba ta huce RAM da gefen ƙwaƙwalwa idan ba ta motsi. Ƙaramar fanka ɗaya mai hurawa daga ƙasa zuwa sama ta isa.

Da hunturu matsalar ƙura ce. Tana toshe haƙoran ƙarfen da ke huce ƙwaƙwalwa, idan kuma laimar damina ta same ta sai ta kawo tsatsa. Busasshiyar iskar hunturu tana sa jiki ya tara wutar nan da kan tsunkuli mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe sandar RAM. Kafin a taɓa allo a kashe, a zare filogi, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, a kama allon ta gefuna. Ban da ƙura akwai tsaka da kyankyaso masu son ɗumi, da zanzaro mai gina ɗakin laka a kowane lungu.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne murfi: gilashi ko roba mai haske a gaba, ragar sauro a gefuna, mai maɗaurin da ake buɗewa. Idan an tashi aiki a lulluɓe da zane, a yaye kafin a kunna. Da hunturu a share kowane mako da buroshi mai laushi da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta juya. Ba a kai mata jiƙaƙƙen tsumma.

Wa ta dace da shi?

Ta dace da mai gyara da ke canza kaya kullum, da malamin da ke nuna wa ɗalibai cikin kwamfuta, da mai ɗakin siminti mai silin da tagar gilashi. Mai shagon buga takardu ko tura fina-finai a bakin hanyar da ba kwalta, wanda abincinsa ya dogara da kwamfuta ɗaya, ya fi masa ya bar ta cikin akwatinta. In wuri ne ya yi masa kaɗan, sai mai walda ya yi masa kanta a bango, a ɗora akwatin gaba ɗaya a kai, nesa da ƙurar ƙasa.