Tasirin Narkakkiyar Iskar Gas a Kan Kaurin Roba

Idan aka narkar da roba a masana'anta, takan yi kauri da danƙo kamar zuma a lokacin sanyi, saboda dogayen ƙwayoyinta da suka sarƙe da juna. Iskar gas, musamman kabon dayokzaid da naitirojin, tana narkewa a cikinta idan aka tura ta da matsi mai ƙarfi. Ƙananan ƙwayoyin gas ɗin suna kutsawa tsakanin sarƙoƙin, su ba su sararin motsi, sai robar ta yi ruwa-ruwa, ta gudana cikin sauƙi ko da an rage zafi. Kabon dayokzaid ya fi narkewa, shi ya sa ya fi sassauta ta. An fi amfani da shi bayan ya wuce zafin digiri 31 na ma'aunin Celsius da matsin bar 74.

Wahalar tana wajen auna kaurin: matsin da ke riƙe gas ɗin shi kansa yana ƙara kauri. Da robar ta leƙo bakin inji, matsi ya faɗi, gas ya tashi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe, kaurin ya dawo. Da wannan hanyar tayar da kumfa ake yin soson polistirin.